Gwada shafinka da kunne kafin ka miƙa shi

A nan Garwa, yawancin makafin da nake yi wa shafin intanet Android ke hannunsu, shi ya sa nake farawa da TalkBack, manhajar Android mai karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, a kan Chrome. Kunna TalkBack, rufe ido, bi shafin da yatsa. Daga nan sai kwamfuta, NVDA (mai karanta allo a kwamfuta) da Firefox, duka kyauta. In ka samu aron iPhone, gwada VoiceOver (mai karanta allo na iPhone) da Safari, domin abin da wannan ya karanta, wancan kan tsallake shi, musamman saƙonnin aria-live, wato alamar da ke sa mai karanta allo ya sanar da sabon abin da ya bayyana a shafi.

Maɓallin da aka haɗa da div (akwatin HTML da ba maɓalli ba ne a asali) ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sa button na asali, kowace burauza ta san shi. Kuma aria-labelledby, alamar da ke ɗauko sunan maɓalli daga wani rubutu a shafin, ba ya ƙetare shadow DOM (keɓaɓɓen sashe na lambar shafi), sai ka ajiye sunan maɓallin a cikin sashen da maɓallin yake.