Kurakuran da Ake Yi Wajen Ƙera Sabon Tauraro Daga Na Aro

Aron tauraro daga wani labari domin a gwada hannu tsohuwar hanya ce ta koyon rubutun ƙagaggen labari. Abubakar Imam, da ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, ya ɗebo labarai da dama daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, amma ya zaunar da mutanensa a fada da kasuwa da gaban alƙali irin na ƙasar Hausa, har mai karatu ba ya jin baƙunta a jikinsu. Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne su aro mutum, su taɓa fatarsa, su bar abin da ke motsa shi yadda suka same shi.

Sauya suna da sutura kaɗai

Wannan ya fi kowane yawa a littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Marubuciya ta ga wani matashin attajiri a fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, miskili, mai girman kai, wanda uwarsa ta rasu yana yaro. Sai ta raɗa masa sunan Musulunci, ta sa masa shadda da hula zanna bukar, ta ajiye shi a wani katafaren gida a Abuja. Kafin shafi na uku masu karatu sun fara faɗin sunan fim ɗin. 'Yan fim na Kano wankiya suke ce wa irin wannan aikin. Ana gane tauraro ne ta zaɓin da yake yi in an matsa masa lamba, don haka muddin burinsa da tsoronsa na nan, kowace shawara zai yanke irin ta na asalin ce.

Gyaran a takarda ake fara shi. Ka raba shafi gida biyar: abin da yake nema, abin da yake tsoro, abin da yake ɓoyewa, wanda ke da iko a kansa, da yadda yake magana. Ka cike su da bayanin tauraron asali. Sannan ka zaɓi gida ɗaya tak ka riƙe, wato abin da ya ja hankalinka gare shi tun farko, ka sauya sauran huɗun. Suna da kamanni su ne na ƙarshe.

A ɗauki Gizo, tunda kowa ya san shi kuma ba na marubuci guda ba ne. Cikinsa yake nema wa, yunwa yake tsoro, kunya ba ta dame shi ba, ga tsamin baki. A riƙe wayonsa na iya karanta kwaɗayin mutane. A mai da shi bazawara 'yar shekara 45, dillaliya mai shiga gidajen kulle da atamfa da leshi da kwanuka, kuma ita ce uwar adashin unguwa. Burinta ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki na fita kunya. Abin da take ɓoyewa: ta taɓa zubin mutane ta ba kafinta kafin alƙalami na gado da kujeru, ga shi kwasa ta ƙarato. Mai iko a kanta yayanta ne, wanda take zaune a gidansa tun da aurenta ya mutu. Jinin Gizo na jikinta, amma ba wanda zai ce Gizo ce, domin ita tonon asiri take tsoro, abin da Gizo bai taɓa hana idonsa barci a kai ba.

A sauya hali, a bar ayyukan da tsohon halin ya haifa

Wasu sukan yi wancan aikin da kyau, sai kuma su ɗora sabon mutum a kan tsohon zubi, wato tsarin aukuwar labarin asali, fitowa bayan fitowa. Nan ne za ka ga jaruma da aka ce mai kunya ce tana tsaye tana zazzaga wa surukinta magana a tsakar gida, kawai don ta asalin ta yi haka a wannan gaɓar. Kowane sauyi ka yi, ka tambayi kanka "to, sai me ya biyo baya?" sau uku a jere, kana rubuta amsar. Dillaliya ta taɓa kuɗin adashi. Sai me? Dole ta sayar da leshin wata Hajiya sama da farashin da aka ba ta. Sai me? Mai saye da mai kaya suka haɗu a gidan suna, ɗaya sanye da leshin. Sai me? Magana ta kai kunnen dangin ango. Ga zubi ya fito daga halinta, ba a aro ko taku ɗaya ba.

Akwai kuma bambancin da ake mantawa tsakanin tatsuniya da littafi. Gizo yakan sha duka a wannan tatsuniya, a ta gaba ya dawo garau ba tabo. Mutumin littafi yana ɗauke da sakamakon abin da ya yi har shafin ƙarshe.

Ɗauko damuwar da ba ta da gurbi a nan

A nan ne aro daga finafinan ƙetare ya fi karyewa, domin abin da ke tura tauraro sau da yawa doka ce ko al'ada ta ƙasarsu. Uban amarya a fim ɗin Indiya yana cikin uƙuba saboda dukiyar da dangin ango ke nema daga wurinsa. A ƙasar Hausa ango ne ke biyan sadaki, ya haɗa lefe. In kana son wannan uban, nauyinsa sai ya koma kayan ɗaki da gara, kuma mai matsa masa ba surukai ba ne kai tsaye: gorin dangin miji ne da ake tsoro, da matarsa da ta ga jeren da aka yi wa 'yar maƙwabta. Yanayin damuwar ma ya sauya, daga tsoron a fasa aure zuwa tsoron a raina masa 'ya a gidan miji.

Haka amaryar da ke tserewa ana tsakiyar ɗaurin aure. Mu amarya ba ta wurin. Waliyyinta da wakilin ango da shaidu ne a masallaci ko ƙofar gida, ita tana can cikin ƙawaye. In gudu za ta yi, lokacinsa ranar sa lalle ne ko daren kai amarya, kuma in bayan an shafa fatiha ne, matar aure ce ta gudu, abin da zai biyo baya daban ne ƙwarai.

Sai mugun ɗan da ke ƙulle-ƙulle don mahaifinsa ya rubuta wa ƙanensa dukiya duka a wasiyya. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Mai karatun da ya taɓa zama wurin rabon gado zai ajiye littafin nan take. Abin da ke aiki a nan shi ne kyautar gida ko gona da uba ya yi yana raye, 'yan uba suna musun an taɓa damƙa ta. Ɗan riƙo ma haka: ya girma a gidan, yana kiran maigida Baba, amma ba ya gado. Wannan kaɗai ya isa ya haifi tauraro sukutum, kuma abin mamaki ne yadda marubuta ke tsallake shi su tafi neman wasiyyar lauya.

Ka'idar aiki: kafin ka rubuta layi ɗaya, ka lissafa duk abin da tauraron asali ya dogara da shi na aure, gado, aiki, addini da zaman gida. Kowanne ka nemo takwaransa a garin da ka zaɓa. Wanda ba shi da takwara, a yar da shi tare da duk fitowar da ke rataye da shi.

Baki ɗaya ga kowa

Tauraron aro yakan zo da maganarsa, musamman wanda aka gani a fassarar fim, sai ka ji Bahaushe yana magana da jimlolin da ba a yi a kowane gida. Gwajin mai sauƙi ne: ka rubuta hira ta layi goma sha biyu tsakanin mutum biyu, ka rufe sunayen, ka ba wani ya karanta. In ya kasa gane wa ke magana, aiki bai yi ba.

Mutum ɗaya ma ba murya ɗaya gare shi ba. Dillaliyar nan a ɗakin mai saye: "Hajiya, wallahi don ke ce. Ta gidan gaba ta taya na hana, na ce wannan leshin sai jikinki." A gaban yayanta murya ta yi ƙasa: "Yaya, a dai ƙara haƙuri zuwa Juma'a." 'Yarta kuwa, da yake ta fari ce, ba ta kama sunanta: "Ke 'yar nan, zo ki kwashe kwanukan nan." A rubuta kowane sabon tauraro yana magana da mutum uku: na sama da shi, tsaransa, da na ƙasa da shi. Karin harshe ma a kula da shi. Basakkwace "tahi" zai ce inda Bakano ke cewa "tafi", yaron Damagaram kuma "lakwal" yake zuwa, wato makarantar boko. Kalma biyu ko uku a bakin mutum sun wadatar. In aka cika, sai ya koma abin dariya.

Juyi, gauraye da wanke laifi

Wasu na ganin in suka juya komai, mai kuɗi ya zama talaka, miskili ya zama mai surutu, sun tsira. Wanda ya san na asalin zai gane, domin har yanzu shi ke ba da umarni, ta baya. Wasu kuma su haɗa taurari biyar a jikin mutum guda: likita ne, soja ne, mahaddaci ne, ɗan sarauta ne, yana da kamfanoni, duk yana ɗan shekara 28. Tushe biyu sun isa, kuma ya fi kyau ɗayan ya zama hali da ka lura da shi a rayuwa, kamar yadda mai shayi ke tuna bashin kowa ba tare da littafi ba.

Wanda ya fi ɓarna shi ne cire aibin tauraro don ana ƙaunarsa. Aibin nan shi ke haifar da labari. In ka cire na asalin, ka sa wani wanda ya tsiro daga abin da ka riƙe. Mai iya karanta kwaɗayin mutane, aibinta shi ne ta ɗauka kowa na da farashi, har ranar da ta gwada sayen shirun wadda ba ta sayuwa.

Suna

Da an zo raɗa suna, a bar sunan ya yi aiki. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Talatu da Balarabe da Asabe suna faɗin ranar haihuwa. Duk wanda ka zaɓa ya riga ya gaya wa mai karatu wani abu game da gidan, don haka kar ka sa wa ɗan fari Gambo. A guji sunan da ya yi amo ɗaya da na tauraron asali, kuma a guji sa wa mutum uku sunaye masu farawa da harafi ɗaya, domin masu karatu a waya sukan rikice.

Fitar da gwaji kasuwa

Abin da aka yi don motsa hannu ba lallai ne a sake shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin adabi tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Imam ya rasu a 1981, ke nan rubutunsa na ƙarƙashin kariya har 2051, balle na marubutan da ke raye. Nau'in mutum, kamar muguwar kishiya ko malamin tsibbu mai damfara, kowa na iya rubuta nasa. Kwashe jimloli, jerin fitowa da keɓantattun siffofin tauraron wani, a sa masa kuɗi a ce a biya a karanta, satar fasaha ce, ko an rubuta "na gode wa mai asalin labari" a sama.

Kafin a yanke shawarar sakewa, a rubuta fitowa uku gajeru, kowace kamar kalma 300, a wuraren da tauraron asali bai taɓa shiga ba: layin asibiti, zaman makoki, rikici da mai haya. A ba mutum biyu da suka san na asalin sosai, kar a gaya musu komai, a tambaye su wa wannan ya tuna musu. In suka ambaci tauraron da aka aro, a koma takardar gida biyar a duba wanne ne ba a sauya da gaske ba. Galibi gidan tsoro ne.