Yadda Za Ka Kalli Wasan Besbol a Sabon Filin Arlington Ka Ji Daɗinsa

Wanda ya tashi da kallon ƙwallon ƙafa, idan aka kai shi filin besbol karon farko ba tare da an shirya shi ba, yawanci kafin a kai rabin wasa ya fara duba agogo, domin abin da yake gani shi ne mutane tara a tsaye suna jira, wani yana jifa, wani yana kai duka yana kuskurewa. Laifin ba na wasan ba ne, rashin sanin inda za a sa ido ne. Zan ɗauki filin Globe Life Field da ke birnin Arlington a jihar Texas ta Amurka, gidan ƙungiyar Texas Rangers, domin yana cikin sababbin filayen babbar gasar ƙasar, kuma yana tsakanin Dallas da Fort Worth, yankin da 'yan Najeriya da yawa suke zaune ko suke kai ziyara.

An buɗe filin a shekarar 2020, yana ɗaukar 'yan kallo kusan 40,300, kuma gininsa ya ci sama da dala biliyan ɗaya. Tsohon filin da aka bari, wanda aka buɗe a 1994, yana nan a tsallaken titi, kuma ba tsufa ya sa aka bar shi ba, zafi ne. A watannin Yuli da Agusta zafin Texas kan kai digiri 38, mutane kuwa sun gaji da biyan kuɗi su zauna a rana suna gumi. Saboda haka aka yi wa sabon filin rufi mai buɗewa da rufewa, aka sa masa na'urar sanyaya iska, aka shimfiɗa ciyawar roba a maimakon ta gaske. Abu na farko da wannan yake nufi a gare ka shi ne kada ka yi shiga don zafin waje kawai. A tsakiyar lokacin zafi rufin a rufe yake kusan kullum, cikin filin kuma da sanyi, don haka ka riƙo riga mai dogon hannu, musamman idan kana tare da yara ko dattijo. Idan kuwa burinka ka ga sararin sama a kan filin, ka nemi wasannin Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da aka fi buɗe rufin. A ganina wasan ya fi kyau a buɗe, amma wanda ya taɓa zama a ranar Texas ba zai zargi waɗanda suka zaɓi inuwa ba.

Samun ranar da ta dace ba wuya ba ne, domin kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 a kaka, 81 daga cikinsu a gida, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Farashin tikiti yana hawa yana sauka gwargwadon ranar da kuma abokin karawa. Idan Houston Astros, abokan hamayyarsu na cikin jiha, ko New York Yankees suka zo, kuɗin yakan tashi, filin kuma ya cika, alhali wasan daren Talata da ƙungiyar da ba ta da farin jini yakan yi sauƙi sosai. Tikitin a waya yake zuwa, ta manhajar MLB Ballpark, don haka ka sauke ta tun kana gida, ka tabbatar tikitin ya bayyana a cikinta, ka kuma cika batirin wayarka. A cikin filin ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya, kuma wanda ya zo da katin bankin gida ya tabbatar yana aiki a ƙasar waje kafin ya tsaya a layin abinci.

Zaɓen kujera ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne yake yanke irin wasan da za ka gani. Ga sabon mai kallo, na fi son kujerun bene da ke bayan mai duka ko kusa da hakan, saboda daga can ana ganin filin gaba ɗaya kamar an shimfiɗa taswira, ana ganin yadda masu tsaro suke gusawa kafin kowane jifa, kuma kuɗinsu bai kai na ƙasa ba. Wanda yake so ya ga 'yan wasan gida kusa ya zauna ɓangaren dama na mai duka, wato wajen tasha ta farko cikin ukun da mai duka yake zagayawa, inda rumfar Rangers take. Kujerun can nesa, bayan katangar filin, ba su nuna jifa da kyau, amma nan ne ƙwallo take faɗowa idan an buge ta ta haye katanga. A ɓangaren hagu na waɗannan kujeru ne ƙwallon Aaron Judge na New York Yankees ta faɗa ranar 4 ga Oktoba, 2022, lokacin da ya buga ƙwallo ta 62 da ta haye katanga a kaka ɗaya, ya karya tarihin gasar American League da Roger Maris ya kafa a 1961, kuma ɗan kallon da ya cafe ta ya sayar da ita a gwanjo kan dala miliyan ɗaya da rabi.

Sufuri shi ne inda baƙi suka fi shan wahala. Arlington ba shi da jirgin ƙasa na cikin gari ko manyan motocin haya masu bin layi kamar sauran manyan birane, don haka ko dai ka tuƙa mota ko ka kira Uber ko Lyft. Idan za ka tuƙa, ka sayi wurin ajiye mota ta intanet tare da tikitinka, ka kuma ɗauki hoton alamar wurin da ka ajiye ta, domin filayen ajiye motar suna da faɗi kuma da dare duk kama suke yi. Ka duba ko akwai wani taro a wannan rana a AT&T Stadium, gidan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Dallas Cowboys, wanda yake kusa ƙwarai, domin idan taro biyu suka haɗu babban titin I-30 yakan cushe. Bayan an tashi kuɗin Uber yakan ninka na ɗan lokaci, don haka gara ka jira rabin awa ko ka taka kaɗan daga bakin ƙofa kafin ka kira. Game da jaka, ka zo da ƙarama mai laushi ko ka zo hannu rabbana, domin ana mayar da jakar goyo daga ƙofa, kuma ƙa'idar girman jaka da ta shigo da abinci suna shafin ƙungiyar, ka karanta su a ranar da za ka tafi.

Musulmi yana da lissafi biyu da zai yi tun kafin ya fito, na salla da na abinci. Wasannin dare galibi suna farawa da ƙarfe 7:05, kuma a watannin Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa a Arlington sai wajen takwas da rabi, wato magariba takan riske ka ana tsakiyar wasa. Da yake wanda ya fita ba a barinsa ya dawo da tikitin da ya shiga da shi, ka shigo da alwalarka da ƙaramar sallaya mai naɗewa, ka je teburin kula da baƙi ka nemi su nuna maka wuri marar hayaniya. Wanda bai son wannan ɗawainiya ya zaɓi wasan Lahadi da rana, wanda yakan fara wajen ɗaya da rabi, daidai shigar azahar a lokacin zafi, ya kuma ƙare kafin la'asar. Game da abinci, filin ya yi suna da wani tsire na Turawa (hot dog) mai tsawon ƙafa biyu da ake kira Boomstick, wanda da naman sa ake yin sa, amma kasancewar nama na sa ne bai nuna yadda aka yanka shi ba, kuma naman alade yana shiga abinci da yawa da ake sayarwa a wurin. Gyaɗa mai ɓawo, gugguru da soyayyen dankali sun ishe ka, sannan ka ci abincin kirki a ɗaya daga cikin gidajen abincin halal na garin kafin ko bayan wasa. Ana sayar da giya a fili, maƙwabcinka na kujera zai iya miƙo maka kuɗi ko kofi ka wuce da shi, kuma babu wanda zai ji haushi idan ka ce a'a cikin ladabi.

Ka isa da wuri, kamar awa ɗaya da rabi kafin a fara, ka zagaya. A waje akwai mutum-mutumin Nolan Ryan, majefin da ya fitar da masu duka 5,714 a rayuwarsa ta wasa, da na Iván Rodríguez, tsohon ɗan wasan Rangers mai cafe ƙwallo a bayan mai duka. A ciki ka dubi lambobin da aka rubuta a jikin katanga, waɗanda suke nuna nisan wurin daga mai duka, domin da gangan aka zaɓe su don tunawa da lambobin rigunan tsofaffin 'yan ƙungiyar: ƙafa 329 ta hagu don tunawa da lamba 29 ta Adrián Beltré, 407 ta tsakiya don lamba 7 ta Rodríguez, 410 don lamba 10 ta Michael Young, 326 ta dama don lamba 26 ta tsohon kocinsu Johnny Oates. Daf da farawa za a rera taken ƙasa, kowa ya miƙe, masu hular wasa su cire.

Yanzu ga wasan kansa. Zango tara ake yi, a kowane zango baƙi su fara duka, sai an fitar musu da mutum uku sannan 'yan gida su karɓa. Ana samun maki ɗaya duk lokacin da ɗan wasa ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida, wato inda ya yi duka. Amma idonka ya fi zama a kan tazarar nan ta ƙafa sittin da rabi tsakanin mai jifa da mai duka, domin can ne ake fafatawar gaske. Ƙwallon takan zo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, ta isa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, wani lokaci kuma majefin ya rage mata gudu ko ya sa ta lanƙwasa, mai duka ya kai wa iska gora. Idan ya kuskure ko ya ƙyale jifa mai kyau sau uku, ya fita. Idan majefin ya yi jifa huɗu a wajen da'irar da aka yarda, mai duka ya tafi tasha ta farko kyauta. Waɗannan lambobi biyu suna kan allo koyaushe, kuma su ne sirrin kallon. Idan ka ga uku da biyu, wato jifa uku a wajen da'ira da kuskure biyu, ga mutane a tashoshi, ga biyu an riga an fitar, za ka ji filin ya miƙe tsaye tun kafin a yi jifa, domin kowa ya san jifa mai zuwa shi zai raba gardama. Kada ka raina wanda ya kasa sau biyu a jere, domin a wannan wasa wanda yake dacewa sau uku cikin goma gwani ne.

Babu canjaras a besbol, idan an yi daidai bayan zango tara sai a ƙara, kuma tunda 'yan gida ne suke duka na ƙarshe, bugu ɗaya yana iya kashe wasa nan take. Haka ta faru a wannan fili a wasan farko na gasar ƙarshe ta 2023 da Arizona Diamondbacks, inda Corey Seager ya farke a zango na tara, Adolis García kuma ya buga ƙwallo ta haye katanga a na goma sha ɗaya, a kan hanyar Rangers ta ɗaukar kofinsu na farko tun da suka dawo Texas daga Washington a 1972. Saboda haka kada ka bi masu fita a zango na takwas don gudun cunkoso idan tazarar maki ɗaya ce ko biyu. Tun da aka sa wa majefa agogo a 2023, wasa yakan ƙare cikin kusan awa biyu da minti arba'in, ba doguwar jira ba ce kamar da.

Akwai ladubban zama da ba a rubuta a tikiti ba. Magoya bayan ɓangarorin biyu a gauraye suke zaune, ba a raba su kamar a ƙwallon ƙafa, don haka ana tsokana amma ba a zagi. Idan za ka tashi ko za ka dawo kujerarka, ka jira mai duka ya gama, kada ka tare wa mutane gani ana tsakiyar jifa. Ƙwallon da ta faɗo cikin 'yan kallo ta wanda ya kama ta ce, kuma al'ada mai kyau ita ce babba ya miƙa wa yaron da ke kusa da shi, amma kada ka miƙa hannu cikin fili ka taɓa wadda ake kan wasa da ita, domin za a iya fitar da kai. Inda raga ba ta kai ba, ka ajiye waya ka dubi mai duka, saboda ƙwallon tana da tauri kamar dutse. A tsakiyar zango na bakwai kowa zai miƙe ya yi miƙa ana waƙa, kai ma ka tashi. Idan kuma wani hukunci na alƙalin wasa ya ɗaure maka kai, ka tambayi dattijon da ke gefenka mai riƙe da fensir da takardar rubuta maki, domin irinsu sun daɗe suna zuwa tun zamanin tsohon filin, kuma tsakanin jifa da jifa akwai isasshen lokacin da zai yi maka bayani.