Ga masu shirin gangarowa Akwanga daga Jos a kan babur

Jama'a, in son samu ne ku bari sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, duwatsu na nan kore shar, hazo bai sauko ba tukuna.

Ku tashi bayan gari ya waye sosai, da rigar sanyi, don Jos ta haura mita 1,200 a tudu. Kafin Akwanga da kanku za ku tuɓe ta.

Dutsen Riyom ya cancanci tsayawa. Amma inda aikin yake shi ne Hawan Kibo. Tun a gida bakanike ya duba muku birki da taya da cen. A gangaren ku saka ƙaramar giya, inji ya riƙe babur, kada ku danne birki har ƙasa, zafi zai yi ya daina kamawa. Tirela kuwa, kada ku yarda ta zauna a bayanku, ku raɓe ta wuce. A ƙasa akwai magangarar ruwan Assop, nan ne wurin hutawa.

Hular kwano da takardun babur dole ne, shingaye na da yawa. Magariba kada ta same ku a hanya.