Kafin ki biya kafin alƙalamin gidan hutu a bakin Bahar Rum

Tun da matan layinmu a Babbar Kasuwar Yamai suka ji cewa idan na gama sarin kaya a Istanbul nakan kama gida a bakin teku mu huta da iyali, tambayarsu ba ta wuce "nawa ne?". Ni kuwa nakan ce a fara da wata tambayar: su wa za ki kai, kuma yaya suke zama a gida? Yawancin gidajen nan an gina su ne domin Bature da matarsa da yara biyu. Ke kuma za ki je da Hajiya mai ciwon gwiwa, da ƴan mata da ba za su shiga ruwa maƙwabci yana leƙe ba, da tukunyar da za ta ciyar da mutum tara.

Fara da ƙasa. Gaɓar Faransa da Italiya da Girka duk sai da bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai: kuɗinta yuro 90 ga babba, ga inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla yuro 30,000, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024 abin ya ƙara nisa. Shi ya sa nake tura mutane Tunisiya ko Maroko ko Turkiyya, teku ɗaya ne, ga kiran salla, ga naman da ba sai kin yi ta tambaya ba. Ko wacce kika zaɓa, ki je ofishin jakadancinta ki ji sharaɗin shiga na wannan shekarar kafin sisinki ya fita, domin dokokin nan suna sauyawa.

Sai lokaci, kuma a nan ne muke da sa'a. Kowa ya fi son gudu a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, amma a watannin nan ruwan tekun bai gama sakin sanyin hunturu ba, yara za su tsoma ƙafa su fito suna karkarwa. Yuli da Agusta kuwa duk Turai ta kwararo, kuɗin gida ya kai ƙarshe, wasu masu gida ma ba sa bayarwa sai daga Asabar zuwa Asabar. Ki nufi Satumba. Yaran Turawa sun koma aji, namu sai Oktoba, ruwa ya sha rana wata uku ya yi ɗumi, farashi ya sauko.

Yanzu maganar hoto. Idan kika ga an rubuta cewa ana hango teku daga gidan, ki sani sau da yawa gidan yana kan dutse ne. Kalkan da Kash a kudancin Turkiyya kyawunsu ba a magana, fararen gidaje a jere a jikin tsauni, ruwa shuɗi a ƙasa. Amma bakin ruwan Kaputash da kike gani a hotuna sai kin sauka matakala sama da 180, ki kuma hau su da rana tsaka. Surukata ta tsaya daga sama ta leƙa, ta ce, "Ƴata, ku je, ni na gani daga nan, Allah ya yi albarka." Idan akwai tsoho a tafiyar, Hammamet ta Tunisiya ta fi: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, yashi mai laushi, tafiyar kamar awa ɗaya daga Tunis, ga Nabul kusa inda za ki sayi tangaran da barkonon harisa. A Maroko ma Martil da Madik, kusa da Tetuwan, wuraren iyali ne, kuma jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 yana kai ki Tanja daga Kasabalanka cikin awa biyu da ƴan mintoci.

Ki buɗe taswirar Google, ki sa ta auna miki tafiyar ƙafa daga ƙofar gida zuwa ruwa, zuwa kanti, zuwa masallaci. Mita 500 da mai gida ya rubuta wani lokaci awon tsuntsu ne.

Batun sutura shi ne wanda na fi daɗewa a kai. Gida mai kwamin wanka ba shi da amfani gare mu idan benen maƙwabta yana kallonsa. A Turkiyya akwai gidajen da aka yi musamman domin iyalan da ke son sirri, an kewaye wurin wankan da katanga ko labule mai kauri, kuma suna da yawa a ƙauyen Islamlar da ke saman Kalkan. Ko da an rubuta hakan, ki ce wa mai gida ya tsaya a bakin ruwan ya juya da wayarsa ya ɗauko miki bidiyo ta kowace kusurwa, har sama. Mai gaskiya zai turo kafin la'asar. Wanda ya fara kawo uzuri, ki bar masa gidansa. A cikin bidiyon ki duba zurfin ruwan da ko akwai shinge, saboda ƙananan yara. Ki tambaya kuma ranar da mai share ruwan yake zuwa, domin yawanci namiji ne kuma da makullinsa yake shigowa da sassafe.

Yawan mutane kada ki ɓoye shi. Mu mun saba inda shida suka kwana, goma ma za su kwana, a shimfiɗa tabarma a falo. Can ba haka ba ne. An rubuta mutum shida, kika zo da tara, mai gida yana da ikon hana ku shiga, kuma ba wanda zai tsaya miki. Ki ƙirga har jariri, ki rubuta masa.

Kicin ma a tambaya: murhu nawa, gas ne ko lantarki, akwai babbar tukunya? Sau da yawa za ki tarar da ƴan tukwanen da ba su wuce dafa ƙwai ba. Ni nakan sa muciya da kuka da yaji da garin kunun Hajiya a jaka, da buta. Kilishi da cukun Tawa dai kada ki ɗauka idan Turai kika nufa, an hana shiga da nama da kayan madara. Filogin wutarsu irin namu ne, cajarki za ta shiga.

Lissafin kuɗi da yuro ya fi sauƙi, tunda sefa a ɗaure take: yuro ɗaya sefa 655.957. A ce gida yuro 150 ne a dare, wato jika 98 da ɗoriya, sati guda kusan jika 689. Amma wannan ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin shara, akwai ladan shafin intanet da kika kama gidan a cikinsa, akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa ko za a fasa wani abu, wasu kuma kilim (na'urar sanyaya ɗaki) da wuta daban suke lissafawa da kwanta, wato mitar wuta. Ki sa ya rubuto jimla guda, da abin da za a mayar miki idan aka hana biza ko jirgi ya ɗage.

Wurin biya ne ɓarayi suke. Ki biya da katin banki a cikin Airbnb ko Booking.com, inda kika ga gidan, ki kuma karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, musamman masu ƙorafi. Duk wanda ya ce ki fito WhatsApp zai rage miki kashi ashirin idan kin aika kuɗi da sunan ƙaninsa, ki rufe maganar. Wata abokiyar sana'ata ta aika rabin kuɗi haka, ta isa ta tarar da gidan da masu shi a ciki suna cin abincin rana, ba su taɓa sa shi haya ba. A Turkiyya tun farkon 2024 doka ta ce gidan da ake bayarwa na ɗan gajeren lokaci sai da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido da allo a ƙofa, don haka ki nemi lambar. Ki gaya wa bankinki za ki fita waje, kada kati ya ƙi aiki a gaban mai gida.

Ranar shiga, kafin yara su watsu, ki zagaya da waya tare da mai gida: fasasshen kofi, tabon kujera, lambar kwantar wuta, duk ki ɗauka ki tura masa nan take. Galibi ana shiga da ƙarfe uku ko huɗu na yamma, a fita goma ko sha ɗaya na safe, to idan jirginku na dare ne ki roƙi ya ajiye muku kaya. Dinarin Tunisiya kuma ba a fita da shi daga ƙasar, ki riƙe takardar canji domin ki mayar da ragowar a filin jirgi.

Sannan ki tara yaran ki ja musu kunne. Wanda ya iya iyo a kogin Isa bai san igiyar teku ba. Jar tuta a bakin ruwa tana nufin ba shiga, ko da sun ga wasu a ciki.