Kurakuran da Masu Neman Shugabancin Jami'a Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

Wa'adin shugaban jami'ar tarayya a Najeriya shekara biyar ne, zango ɗaya, babu tazarce. Amma fayil ɗin da kwamitin zaɓe zai buɗe ranar tantancewa tarihin aikin shekara ashirin ne ko fiye. Shi ya sa yawancin waɗanda ke faɗuwa a takarar, da waɗanda ke samun kujerar ta gagare su riƙo, tun suna ƙananan malamai suka tafka kuskuren. Tun ran gini, ran zane.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa zama farfesa kaɗai ya isa, ko kuma akwai wani fanni da ake ɗauko shugabanni daga cikinsa. Tarihin jami'o'inmu bai nuna haka ba. Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) daga 1966 zuwa 1975, likitan yara ne. Iya Abubakar da ya gaje shi masanin lissafi ne, Ango Abdullahi daga fannin noma ya fito, Abdullahi Mahadi kuma masanin tarihi. A Jami'ar Bayero an yi Ɗandatti Abdulƙadir, masanin adabin Hausa, an yi Attahiru Jega, masanin kimiyyar siyasa. Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a Najeriya, a Jami'ar Benin a 1985, malamar lissafi ce. Fanni ba ya hana kowa. Abin da ya kamata a duba shi ne abin da mutum ya taɓa riƙewa kafin ya zo. Jibril Aminu, likitan zuciya, ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, daga 1975 zuwa 1979 kafin ya karɓi Jami'ar Maiduguri a 1980. Jega ya ja ragamar ƙungiyar malamai ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, don haka lokacin da ya zama shugaban Bayero a 2005 ya riga ya san teburin sulhu daga ɗaya gefen. Abubakar Rasheed da ya gaje shi a 2010, da Kabiru Bala da ya karɓi ABU a 2020, dukansu sun yi mataimakin shugaba kafin su hau.

Gyaran nan sai an fara shi daga ƙasa. Malamin da ke gudun aikin jami'in jarrabawa saboda wahalarsa yana gudun makarantar farko ta mulkin jami'a. A wannan tebur ake koyon yadda sakamakon ɗalibi ke tafiya: daga takardar makin malami zuwa kwamitin sashe, daga nan zuwa na tsangaya, sannan majalisar dattawan jami'a ta amince. A nan ake ganin yadda maki ɗaya da aka saka a layin da ba nasa ba ke riƙe ɗalibi shekara guda, ya hana shi tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu. Daga nan sai shugabancin sashe, inda mutum zai fara raba darussa tsakanin abokan aiki da suka girme shi, ya rubuta wa mai sakaci takardar neman ba'asi, ya kare ɗan kasafin da aka ba shi. Sai shugabancin tsangaya ko na wata cibiya, da zama a kwamitocin ɗaukar ɗalibai, ladabtarwa, ƙarin girma da kuɗi. Kowane muƙami aka ba ka, ka adana takardar naɗi da takardar miƙa aiki. Kwamitin zaɓe takarda yake karantawa, ba ya aiki da “kowa ya san na yi”.

Akwai kuma masu yin akasin haka: su nutse cikin ofis tun suna matakin babban malami, su bar bincike da rubutu. Wannan ma asara ce, kuma lissafinta a fili yake. Daga mataimakin malami zuwa farfesa matakai ne da dama, galibi ana yin aƙalla shekara uku a kowanne. Matakai biyu na ƙarshe ba a cikin gida ake yanke su ba, ana aika ayyukan mutum ga masana na waje, yawanci uku, a nemi aƙalla biyu su amince, kuma amsarsu kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Jami'o'i da yawa suna sa sharaɗin shekara goma a matsayin farfesa a tallar kujerar shugaba, tare da cewa mai nema kada ya wuce shekara 65 ranar kama aiki. Ke nan wanda ya zama farfesa yana da shekara 57 ya fita daga takarar irin waɗannan jami'o'i, ko da zai ci gaba da koyarwa har shekara 70 da doka ta yanke wa farfesoshi. Mai wannan buri ya taƙaita muƙaman da ke cin lokaci har sai fayil ɗinsa ya tafi wajen masu tantancewa. Kuma ya guji mujallun da ke buga kowace irin maƙala in dai an biya kuɗi. Suna iya tsallakar da mutum a wani ƙarin girma, amma ranar takara abokan hamayya za su bi jerin rubuce-rubucensa ɗaya bayan ɗaya, kuma takardar ƙorafi a kan haka ba ta da wuyar rubutawa.

Babban abin da ke jefa jami'o'i cikin rikici shi ne rashin karanta doka, kuma ba masu nema kaɗai ke da wannan laifi ba, har da 'yan majalisar gudanarwa. Dokar jami'o'in tarayya ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2003 da 2012, ta shimfiɗa hanyar dalla-dalla. Majalisar gudanarwa ce ke tallata kujerar tare da sharuɗɗanta, ta fitar da jerin waɗanda suka cancanta. Sai ta kafa tawagar zaƙulo 'yan takara mai mutum biyar: ɗan majalisar gudanarwa ɗaya wanda ba ya cikin majalisar dattawa a matsayin shugaba, mutum biyu daga majalisar dattawa, biyu daga babban taron ma'aikata masu digiri. Aikinsu shi ne nemo waɗanda suka dace amma ba su nema da kansu ba. Bayan haka sai kwamitin zaɓe na haɗin gwiwa, shi ma mutum biyar: shugaban majalisar gudanarwa, 'yan majalisar biyu da ba sa cikin majalisar dattawa, da farfesoshi biyu daga majalisar dattawa waɗanda ba su shiga tawagar zaƙulowa ba. Wannan kwamiti ne ke ganawa da 'yan takara, ya miƙa sunaye uku. Tun gyaran 2003, majalisar gudanarwa ce ke zaɓar ɗaya ta naɗa shi, sannan ta sanar da shugaban ƙasa.

Kowace gaɓa a nan wurin tuntuɓe ce. A sa mutum ɗaya a tawagar zaƙulowa kuma a sa shi a kwamitin zaɓe. A zauna ba tare da cikar adadin mahalarta ba. A sassauta ko a tsaurara sharaɗin talla yadda kowa zai gane wa aka auna. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta rusa majalisar gudanarwar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, ta sauke shugaban da aka naɗa, tana mai cewa ba a bi ƙa'ida ba. A Fabrairun 2025 aka yi irin haka a Jami'ar Abuja bayan watanni ana taƙaddama kan zaɓen. Cire shugaba ma yana da tasa hanyar: sai an kafa kwamitin bincike na mutum uku daga majalisar gudanarwa da biyu daga majalisar dattawa, an ba wanda ake tuhuma damar kare kansa, kuma yana da ikon ɗaukaka ƙara ga shugaban ƙasa. A Jami'ar Legas an sauke shugaba a Agustan 2020, aka mayar da shi a Nuwamban shekarar bayan kwamiti na musamman ya duba yadda aka yi. Mai neman kujera ya mallaki kwafin wannan doka da dokar da ta kafa jami'ar da yake nema, ya karanta su kafin ya rubuta takardar nema. In jami'ar jiha ce, dokar jihar ce abin dubawa, domin a can gwamna ne a matsayin da shugaban ƙasa yake a jami'o'in tarayya, kuma a jihohi da dama shi ke da maganar ƙarshe. In ka ga an karya ƙa'ida don a taimake ka, ka sani naɗin da ya biyo ta wannan hanya kotu ko gwamnati na iya rusa shi kana kan kujera.

Dogaro da “ɗan gida ne” ko “lokacin yankinmu ne” ya zama ruwan dare, kuma abin takaici ne, domin ba haka aka faro ba. A ƙarshen shekarun 1970 Umaru Shehu, mutumin Borno, ya shugabanci Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, Oladipo Akinkugbe ya shugabanci ABU, Adamu Baikie ya shugabanci Benin. Wanda masu faɗa-a-ji na gari suka ɗora zai kwashe wa'adinsa yana biyan bashi da guraben aiki, guraben karatu da kwangila. Maganin shi ne mutum ya gina suna da ya wuce harabarsu: hutun bincike na shekara a wata jami'a, aikin mai jarrabawa na waje, shiga tawagar NUC mai tantance kwasa-kwasai, tallafin bincike da aka ci ta hanyar gasa.

Takardun nema kansu suna kayar da mutane. Talla kan faɗi adadin kwafi, tsawon takardar manufa da ranar rufewa, ta kuma buƙaci masu ba da shaida, galibi uku, su aika rahotonsu kai tsaye ga magatakarda. Rahoto ɗaya ya makara, an ajiye fayil ɗin. Ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardar makaranta da fayil ɗin aiki, an samu abin ƙorafi. Takardar manufa kuwa mafi yawansu alkawura ne da za su dace da kowace jami'a. Wadda ke jan hankali ita ce ta wanda ya san adadin ɗaliban wannan jami'a, kwasa-kwasan da ke kan amincewar wucin gadi ta NUC, abin da ake kashewa a wutar lantarki kowane wata, da inda kuɗin zai fito.

Bayan an hau, kuɗi ne ke fara tona asirin wanda bai shirya ba. Shugaban jami'a shi ke amsa tambayar masu binciken kuɗi, ba ma'aji kaɗai ba. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba a biyan albashi da shi, kashi-kashi ake sakin sa, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo bayanin yadda aka kashe na baya. Jami'ar da ta bar tsohon aiki ba a rufe lissafinsa ba, rabonta na sabuwar shekara zai zauna yana jiranta alhali ɗalibai na zaune a kan taga suna ɗaukar darasi. Tun 2015 kuɗin jami'o'in tarayya yana cikin asusun bai-ɗaya na gwamnati, kwangila kuma tana ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, don haka tsattsaga babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa kwamitin kwangila laifi ne. Sabon shugaba ya nemi abu uku a makonsa na farko: jerin basussuka, jerin ayyukan da ba a kammala ba, da jadawalin tantancewar NUC. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi biyu, kuma kwas ɗin da aka hana wa amincewa ba ya ɗaukar sababbin ɗalibai. Aron malamai da kayan ɗakin gwaji daga maƙwabciyar jami'a don kwanakin ziyarar tawaga yaudara ce da ɗalibai ke biyan kuɗinta. Gibin malamai ana cike shi ne tun shekara biyu kafin ziyarar, ta hanyar ɗaukar aiki da tura matasa karatun digiri na uku.

Wani kuskuren shi ne ture magatakarda gefe a kewaye kai da mashawarta na musamman. Magatakarda shi ne sakataren majalisar gudanarwa da ta dattawa, a hannunsa bayanan zama suke, kuma ya hau nasa tsanin ne daga ƙaramin jami'in mulki zuwa mataimakin magatakarda cikin shekaru masu yawa. Hukuncin da ba a rubuta shi daidai a bayanan zama ba, a gaban kotu kamar ba a yanke shi ba ne, kuma korar ma'aikaci ba tare da bin matakan ladabtarwa ba takan ƙare da umarnin a mayar da shi a biya shi albashin baya. Su ma masu neman kujerar magatakarda suna da nasu kuskuren, wato daɗewa a ofis ɗaya. Wanda bai taɓa aiki a sashen harkokin majalisa, na ma'aikata da na karatu ba, da wuya ya amsa tambayoyin ganawa. Mai neman kujerar ma'aji ya tabbatar yana da rajistar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, mai neman shugabancin ɗakin karatu kuma ya riƙe rubuce-rubucensa, don shi a layin malamai ake auna shi. Waɗannan kujeru uku ma zango ɗaya ne na shekara biyar tun gyaran 2012, sai dai majalisa tana iya ƙara shekara ɗaya.

Shekarar ƙarshe tana da nata tarkon: jan ƙafa wajen tallata kujera, ko ƙoƙarin ɗora magaji. Wa'adin shugaban Jami'ar Ibadan ya ƙare a ƙarshen Nuwamban 2020, amma rikicin zaɓe ya sa ba a samu cikakken shugaba ba sai Oktoban 2021, alhali doka wata shida ta yanke wa mai riƙon ƙwarya. Ya kamata talla ta fita aƙalla wata shida kafin ƙarewar wa'adi, a zaɓi wakilan majalisar dattawa da na babban taron ma'aikata a fili, a kammala naɗi da sauran makonni don sabon shugaba ya zauna da mai barin gado. Takardar miƙa mulki ta ƙunshi ragowar kuɗi a kowane asusu, shari'o'in da ke kotu, yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu da ƙungiyoyin ma'aikata, da matsayin kowane aikin TETFund tare da sunan ɗan kwangilarsa da abin da aka riga aka biya shi.