Yadda Nake Koyar da Amanar Aiki ga Ɗaliban Injiniya

Ɗalibin injiniya da yawan lissafi yake auna darajar kwas. Darasin ɗa'ar aiki da haƙƙin al'umma a kan kamfani kuwa, a ganinsa surutu ne, a haddace a ci jarrabawa a wuce. Binciken da masaniyar zamantakewa Erin Cech ta wallafa a 2014 ma ya nuna cewa damuwar ɗaliban injiniya a Amurka da maslahar jama'a raguwa take yi suna nisa a karatu. Shi ya sa ba na buɗe aji da wa'azi.

Malam, ka fara da zane, ka ɓoye labarin. Ina zana musu gadojin ƙafa biyu a rataye, ɗaya a saman ɗaya, dogon rodi guda ya taso daga rufi ya ratsa su duka. Sai in ce masu ƙera ƙarfe sun ga haɗin zai ba da wuya, sun nemi a raba rodin biyu: na sama ya riƙe gadar sama, na ƙasa a rataya shi a jikinta. Za ku sa hannu? Akasari sukan ce ai duk ɗaya ne. Ba su 'yan mintuna su lissafa nauyin da ya koma kan notin sama. Ya ninka biyu. To, a nan za ka gaya musu otal ɗin Hyatt Regency ne a Kansas City ta Amurka, ranar 17 ga Yuli 1981 gadojin suka rufto, mutum 114 suka rasu, aka kuma ƙwace lasisin injiniyoyin da suka amince da canjin. Da hannunsu suka fitar da lambar, don haka babu mai musu.

Mako na gaba ka raba su gida biyu, injiniyoyi da manajoji, su maimaita taron daren da ya gabaci harba kumbon Challenger a 28 ga Janairu 1986. Injiniya Roger Boisjoly ya gargaɗi kamfaninsa, mai ƙera rokar, cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar roka ba ya aiki daidai cikin sanyi, aka ƙi ji, kumbon ya tarwatse, mutum 7 suka mutu. Mai bakin ajin nake ba wa kujerar manaja, kuma abin takaici, sau da yawa shi ke rinjaye. Daga nan kowa ya rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga shugabansa: haɗarin, hujjar, da abin da yake so a dakatar.

Batun haƙƙin al'umma ba na daɗewa a kansa. Ina ba su rahoton da kamfani ke yabon kansa, su gwada shi da aikinsa. Volkswagen ta yi ta tallar dizal mai tsabta, sai a 2015 aka gano manhajar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11, har injiniya James Liang ya sha ɗauri.

Kuma ka sa wa takardar nan maki mai tsoka a cikin kwas ɗin zane kansa. In ka bar ta a matsayin aikin ganin dama, ba za su rubuta ba.