Yadda Ake Barin Gidan Haya a Jamus Idan Za Ka Bar Ƙasar Kafin Lokaci

Duk shekara sai na ga 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata sun yanki tikitin komawa gida, ko sun samu aiki a Kanada ko Ingila, sai saura sati biyu su tashi sannan su tuna da mai gida. To a Jamus barin ƙasa ba hujja ba ce, doka ba ta ba ka damar ajiye makulli ka tafi don kawai ƙaura ta kama ka. Amma kuma babu wata tara ta musamman, sashe na 555 na BGB, kundin dokar farar hula ta Jamus, ya soke duk sharaɗin da ya ɗora wa ɗan hayar gidan zama tara. Abin da ke cin mutane shi ne kuɗin watannin da suka rage, kana wata ƙasa ɗaki a kulle kana ta biya.

Da farko ɗauko kwantiragin ka karanta. In ba shi da ranar ƙarewa, notis ɗinka wata 3 ne ko shekara nawa ka yi a gidan. Amma ka nemi kalmar Kündigungsverzicht ko Mindestmietdauer, wato ka amince ba za ka fita ba sai bayan wani lokaci, kuma ana iya ɗaure mutum da shi har shekara 4. In kuma mai wa'adi ne, duba ko mai gida ya rubuta dalilin sa wa'adin, don in babu dalili a gidan haya na yau da kullum doka na ɗaukarsa kamar mara wa'adi.

Sai notis, nan ne fa mutane suke faɗuwa wallahi. Takarda ake so, da sa hannunka na biro. Imel ba ya yi, WhatsApp ba ya yi, ko da mai gidan ya amsa maka da "ba komai" kar ka saki jiki, gobe yana iya cewa bai ga notis ba kuma doka tana bayansa. In da kai da matarka ko abokinka kuka sa hannu a kwantiragin to dukkanku za ku sa hannu a notis ɗin, mutum ɗaya bai isa ba. Sannan ba ranar da ka aika ake lissafi ba, ranar da ta shiga hannunsa ce, kuma dole ta isa kafin ranar aiki ta 3 ta wata ta wuce. Misali ta isa a farkon Maris cikin kwanakin nan, haya ta ƙare 31 ga Mayu, amma in ta isa 10 ga Maris ka koma 30 ga Yuni, kuɗin wata guda cur ya tafi saboda 'yan kwanaki. Ni dai ba na yarda da komai sai Einwurfeinschreiben, wasiƙar rajista a gidan waya mai shaidar an jefa ta a akwatin mutum, 'yan Yuro kaɗan ne, ko ka je da shaida wanda ya karanta takardar ya ga ka jefa ta a akwatin mai gidan. Kuma ka aika tun ƙarshen watan da ya gabata, kar ka jira ranar ƙarshe.

In wata 3 ya yi maka yawa sai ka nemi wanda zai maye ka, Nachmieter. Maganar nan da ake yaɗawa wai in ka kawo mutum uku dole mai gida ya sake ka, ba gaskiya ba ce, sai in an rubuta haka a kwantiragi. Lallashi ne kawai. Kawo masa mutum mai takardar albashi da Schufa mai kyau, wato takardar tarihin biyan bashinsa, a birane irin su Berlin da Hamburg da Frankfurt inda ake rububin gida yawanci ba sa ƙi. Ya yarda? Ku rubuta yarjejeniyar rabuwa, Aufhebungsvertrag, da ranar fita a ciki. Daga ranar da sabon mutum ya shiga ba shi da ikon karɓar haya a hannunka kuma.

Kar ka daina biyan haya ka ce ya cire a kuɗin ajiya, ba a yarda da haka ba, ƙarshenta wasiƙar masu karɓar bashi ce. Kuɗin ajiyar nan, Kaution, bai wuce hayar wata 3 ba tare da kuɗin dumama da shara ba, kuma yakan ɗauki har wata 6 kafin ya dawo, wani ɓangare ma sai an gama lissafin shekara, saboda haka kar ka yi saurin rufe akawun ɗinka na banki.

Ranar miƙa makulli ku cike takardar duba gida tare, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da mita. Ka je Bürgeramt, ofishin rajistar mazauna gari, ka yi Abmeldung, wato cire sunanka daga rajistar, ana fara karɓa sati ɗaya kafin tafiya, da takardar da za su ba ka za ka yanke kuɗin rediyo da talabijin na Yuro 18.36, da intanet, shi notis ɗin wata ɗaya ne in kamfanin ba zai iya ba ka layi a inda za ka ba. In mai gida ya fara taurin kai ka kai kwantiragin ƙungiyar 'yan haya, Mieterverein, ta garinku.